Shekara bakwai a kan hoto guda: ƴan kwantaragin kimiyya da makullin da ke cikin jini

Duk uwar da ta yi renon yaro mai amosanin jini, cutar da ake kira sikila ko emasi, ta san wani abu da ya daɗe yana ba likitoci mamaki. Ana haihuwar jaririn lafiya lau, a yi suna, a yi arba'in, ba a ga komi ba. Sai ya kai wata biyar ko shida, sannan hannuwa da ƙafafu su fara kumburi, kuka ya ƙi ƙarewa, a shiga zaryar gidan likita. Alhali kuwa cutar tana jikinsa tun yana ciki. To, mi ya kare shi a watannin farko, kuma mi ya janye wannan kariya daga baya?

Amsar tana cikin wani fannin ilimi mai suna kuromatin, wato yadda jiki ke naɗe littafin gadonsa, ya buɗe wani shafi ya rufe wani. Waɗanda suka tono wannan amsa da hannunsu, galibinsu ba manyan shaihunnan jami'a ba ne. Matasa ne da suka gama doktora amma ba su sami kujerar kansu ba, waɗanda ake kira posdok. Labarinsu da na aikinsu muka kawo wa mai karatu a wannan mako.

Wane ne posdok?

A fannin kimiyya, takardar doktora ba ta isa ta ba mutum ɗakin bincike na kansa. Bayan ya kare kundinsa, sai ya nemi wani babban malami, yawanci a wata ƙasa, ya zauna ƙarƙashinsa shekara 2 zuwa 5, wani lokaci ma fiye. Ɗan kasuwa zai gane wannan matsayi nan take: yaron shago ne da ya ƙware, ya san kaya ya san farashi, har maigida na aikensa Kwatano ko Kano shi kaɗai, amma ba a sallame shi da jari ba tukuna. Ma'aikacin gwamnati ma zai gane shi: ɗan kwantaragi ne, aikinsa cikakke, amma takardarsa tana da ranar ƙarewa.

Albashinsa na fitowa ko dai daga kuɗin binciken maigidan, ko kuma daga tallafin da shi kansa ya ci ta hanyar gasa. A Turai akwai tallafin ƙungiyar EMBO na shekara 2, da na Tarayyar Turai mai sunan Marie Curie, da na shirin HFSP mai mazauni a Sitirasbur, wanda ke kai shekara 3. A Amurka, hukumar binciken lafiya ta NIH ta tsaida mafi ƙarancin tallafin sabon posdok a kan dalar Amurka 61.008 a shekara, a cikin 2024. Idan aka juya wannan zuwa sefa sai a ga kamar dukiya ce. Amma a birane irin su Boston da San Faransisko, kuɗin hayar gida kaɗai na cinye babban kaso, ga mai iyali kuma ga kuɗin renon yara. Shi ya sa a ƙarshen 2022 ma'aikatan bincike da koyarwa kimanin dubu 48 na Jami'ar Kalifoniya, har da ƴan posdok, suka shiga yajin aikin da ya ɗauki kusan mako shida.

Abin da ake auna posdok da shi ɗaya ne: sakamakon da ya wallafa a mujallar kimiyya da sunansa a sahun farko. In ya samu, ƙofar zama malamin jami'a ta buɗe. In wani ɗakin bincike ya riga shi wallafa irin sakamakon, shekarunsa sun kusa tafiya a banza. Kujerun kuma ba su kai yawan masu nema ba, don haka da yawa kan ƙare a kamfanonin magani ko wasu ayyuka dabam.

Zare mai mita biyu

Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani. A tsakiyar kusan kowace ƙwaya akwai cibiya, a cikin cibiyar kuma akwai zaren gado da ake kira ADN, wanda masu Ingilishi ke ce wa DNA. A kan wannan zare aka rubuta umarnin gina jiki da haruffa huɗu kacal, sama da miliyar 3 daga uwa, sama da miliyar 3 daga uba. Kowane yanki da ke ɗauke da umarnin yin abu guda ana kiransa jen, kuma jen ɗin da ke ba da umarnin ƙera furotin sun kai kimanin dubu 20.

Idan aka miƙe zaren ƙwaya guda, tsawonsa ya kai mita 2, alhali faɗin cibiyar bai wuce kashi 6 cikin dubu na milimita ba. Da za a ƙara girman cibiyar har ta kai goruba, da zaren ya zama kilomita 20, tafiyar awa huɗu a ƙafa, kuma ya fi gashin kai siranta. Dole ne a cusa shi duka cikin gorubar ba tare da ya sarƙe ba, kuma a iya zaro kowane yanki a lokacin da ake bukatarsa.

Dabarar ita ce ta maɗinki: a naɗe zare a kwarkwaro. Kwarkwaron nan furotin ne guda 8 da ake kira histon, iri huɗu, kowane iri biyu-biyu. Zaren na zagaya su sau ɗaya da kusan kashi biyu cikin uku, tsawon haruffa 147, sannan ya wuce zuwa kwarkwaro na gaba. Kowane kwarkwaro da zarensa shi ne nukiliyozom, kuma akwai kimanin miliyan 30 a ƙwaya guda. Zaren da furotin ɗinsa gaba ɗaya su ne kuromatin, sunan da Bajamushe Walther Flemming ya laƙaba musu tun wajen 1880, saboda yadda suke shan rini a ƙarƙashin madubin likita.

Naɗin nan ba don adana wuri kaɗai aka yi shi ba. Ƙwayar hanta da ta ido da ta ɓargo duk littafi ɗaya suke ɗauke da shi. Abin da ya bambanta su shi ne shafukan da kowace ta buɗe. Kamar ofishi ne mai dosiye dubu 20: wasu na kan tebur ana aiki da su kullum, wasu an ɗaure an jefa su cikin kabad an kulle. Inda aka matse kuromatin, jen ya yi shiru. Inda aka sassauta, ana karanta shi. Sanin wane ne ke kullewa, wane ne ke buɗewa, da kuma siffar makullin, shi ne aikin wannan fanni.

Daga Kambirij zuwa Zurik

Tarihin fannin cike yake da ƴan posdok. A 1974, Roger Kornberg, Ba'amurke ɗan shekara 27 da ke zaman bayan doktora a Kambirij ta Ingila, ya kawo bayanin cewa kuromatin jerin dunƙulallun histon takwas-takwas ne da zare ke ɗaure da su. A wannan shekara Ada Olins da mijinta Donald Olins suka wallafa hotunan da suka nuna abin kamar duwatsun wuya jere a zare. A 1975 ɗakin binciken Pierre Chambon a Sitirasbur ya ba shi sunan nukiliyozom. A 1984 Timothy Richmond, tare da Daniela Rhodes da Aaron Klug da abokan aikinsu a Kambirij, suka fitar da siffarsa ta farko, amma dishi-dishi: ana ganin faifai da zare a kewaye, ba a rarrabe ƙananan sassansa.

Richmond ya koma babbar makarantar fasaha ta Zurik a Suwis da niyyar kammala aikin. A 1990 wata matashiya ƴar Otirish, Karolin Luger, wadda ta gama doktora a Jami'ar Bazel a 1989, ta shiga ɗakin bincikensa a matsayin posdok.

Hanyar ganin abu mai ƙanƙanta haka a wancan zamani ita ce a sa miliyoyinsa su jeru su daskare kamar ƙwayar gishiri, wato kiristal, sannan a harba masa hasken X, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi amma mai tsananin ƙarfi. Daga yadda hasken ya watse ake lissafa mazaunin kowane atom. Sai dai kiristal kamar gini yake: in tubalan ba girmansu ɗaya ba, bango ba ya miƙewa. Nukiliyozom da ake cirowa daga jikin dabbobi kuwa kowane da ɗan bambancinsa.

Saboda haka Luger da abokan aikinta suka yanke shawarar ƙera nasu tun daga tushe. Suka ɗauki jen ɗin histon na wani kwaɗon ruwa na kudancin Afirka, suka sa cikin bakteriya ta riƙa ƙera musu furotin ɗin iri ɗaya sak. Suka shirya zaren ADN mai haruffa 146 daidai, wanda rabinsa na farko da na biyu suka yi daidai da juna. Suka haɗa su a kwalba, suna rage gishirin ruwan sannu a hankali har zaren ya naɗe da kansa. Kowane mataki ya ci watanni, wasu sun ci shekaru, kuma a duk tsawon wannan lokaci babu tabbacin cewa wani ba zai riga su ba.

A watan Satumba na 1997 mujallar Nature ta buga sakamakon. An ga nukiliyozom da tsabtar da ta kai ƙasa da angistirom 3, angistirom kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan 10 na milimita. An ga wurare 14 da histon ke riƙe zaren, an ga kuma yadda wutsiyoyin histon ke leƙowa waje ta tsakanin naɗin. Shekara bakwai ke nan a kan hoto guda, wanda a lokacin bai warkar da ko mutum ɗaya ba. Luger ta sami ɗakin bincikenta a Kolorado ta Amurka a 1999, kuma a 2023 ita da Richmond da Rhodes suka raba wata babbar kyautar kimiyya da ake bayarwa a Shangai saboda wannan aiki.

Hatimi a kan wutsiya

Wutsiyoyin nan da ke leƙowa su ne wurin buga hatimi. Tun 1964 Vincent Allfrey a Niyok ya lura cewa ana liƙa wa histon wasu ƙananan alamomi na sinadari, ya kuma yi zaton suna da hannu wajen buɗe jen. Sai a 1996 ɗakin binciken David Allis ya kama furotin ɗin da ke buga irin wannan hatimi, ya nuna cewa shi ne wanda aka riga aka sani yana tada jen daga barci. Daga nan aka gano ma'aikata iri-iri: masu buga hatimi, masu goge shi, masu karanta shi, da manyan injuna masu tura kwarkwaro gaba ko baya don a buɗe wurin da ake son karantawa.

Waɗannan injuna suna da girma kuma ba sa tsayawa wuri ɗaya, don haka da wuya su yi kiristal. Abin da ya warware matsalar shi ne wata dabara ta daskarar da furotin cikin ƙanƙara a ɗauki hotonsa da madubin lantarki, wadda ta bunƙasa daga wajen 2013, kuma ta jawo wa Jacques Dubochet da Joachim Frank da Richard Henderson kyautar Nobel a 2017.

Ga yadda aikin posdok na yau yake. Zai yi watanni yana noman ƙwayoyin ƙwari ko na mutum a kwalabe, yana tace furotin goma ko fiye da suka haɗu suka zama inji guda, sau da yawa a cikin ɗaki mai sanyin firji. Zai ɗiga ɗigon da bai kai hawaye ba a kan wani ɗan faifan raga mai faɗin milimita 3, ya tsoma shi farat ɗaya cikin ruwan iskar etan mai sanyin kusan digiri 180 ƙasa da sifiri. Sannan ya jira layinsa a madubin, na'urar da kuɗinta ya kai miliyoyin dalar Amurka. Kwana ɗaya ko biyu na'urar tana ɗaukar dubban hotuna, kwamfuta kuma ta tattara siffofi dubu ɗaruruwa ta haɗa su su zama siffa guda mai tsawo da faɗi da kauri. Sau da yawa abin da ke fitowa hazo ne kawai, sai a koma farko.

Amfanin wahalar ya fara bayyana a fannin ciwon daji. A 2013 aka nuna cewa kimanin kashi 20 cikin 100 na cututtukan dajin ɗan Adam suna da lahani a ɗaya daga cikin injunan tura nukiliyozom, mai suna SWI/SNF, kuma a 2020 aka ga siffar wannan inji yana riƙe da nukiliyozom. Tun 2006 ma Amurka ta amince da maganin vorinostat, wanda ke hana goge hatimin histon, don wani nau'in dajin jini da ke bayyana a fata.

Komawa ga jaririn

Yanzu sai mu koma ga tambayar farko. Abin da ke ɗaukar iska cikin jajayen ƙwayoyin jini shi ne emogulobin. Ɗan tayi yana da irin nasa, babba yana da irin nasa, kowane da jen ɗinsa. Lahanin amosanin jini yana cikin jen na babba kaɗai. Jariri na zuwa duniya da emogulobin na tayi mai lafiya, shi ne ke kare shi. Cikin watannin farko jiki ke rufe jen na tayi ya buɗe na babba, daga nan ciwo ya fara. Wata likitar yara a Niyok, Janet Watson, ta hango wannan alaƙa tun 1948. Muhimmin abu shi ne jen na tayi bai ɓace ba. Yana nan cikin ɓargon kowane maras lafiya, an dai kulle shi a kabad.

A 2008 ɗakin binciken Stuart Orkin a Boston ya nuna cewa mai riƙe da makullin wani furotin ne mai suna BCL11A, wanda ke aiki tare da wata injin matse kuromatin da ake kira NuRD. Amma ba za a iya kawar da shi daga jiki duka ba, domin ƙwaƙwalwa da ƙwayoyin garkuwar jiki suna bukatarsa. A 2013 Daniel Bauer, likitan yara da ke zaman bincike a wannan ɗaki, ya bi taswirar wuraren da kuromatin ke buɗe, ya gano wani ɗan yanki na zare da ke kunna BCL11A a cikin ƙwayoyin da ke zama jajayen ƙwayoyin jini kaɗai. In aka lalata wannan yanki, mai makullin ya daina aiki a jini, sauran jiki kuma bai san an yi ba.

A kan wannan aka gina maganin Casgevy. Ana ciro uwayen ƙwayoyin jini na maras lafiya, a yanke wancan yanki da almakashin gado mai suna CRISPR, a share tsohon ɓargo da magani mai ƙarfi, sannan a mayar masa da ƙwayoyinsa da aka gyara. Victoria Gray, wata Ba'amurkiya, ita ce mai amosanin jini ta farko da aka yi wa haka a Amurka, a 2019. Ingila ta amince da maganin a watan Nuwamba na 2023, Amurka a watan Disamba. Mafi yawan waɗanda aka yi wa gwajin sun shekara ba tare da tashin ciwo mai tsanani ba.

Ina rabonmu?

Farashin da aka sa wa Casgevy a Amurka a 2023 dala miliyan 2 da dubu 200 ne ga mutum guda, wato fiye da sefa miliyar ɗaya. Ban da kuɗi, yana bukatar asibitin dashen ɓargo da kwanciya ta makonni, kuma maganin share ɓargon na iya hana haihuwa. Alhali a 2021 jarirai kimanin rabin miliyan aka haifa da cutar a duniya, mafi yawansu a Afirka kudu da Sahara. Magani yana inda masu ciwon suka yi kaɗan, masu ciwon suna inda babu maganin.

Abin da ke hannu a yau shi ne idiroksiyure, ƙwaya mai sauƙin kuɗi da ke ɗaga emogulobin na tayi. Wani gwaji da aka wallafa a 2019, a kan yara sama da 600 a Angola da Kongo Kinshasa da Kenya da Yuganda, ya nuna tana rage tashin ciwo da ƙarin jini da mace-mace. A Kano ma an gwada ta wajen kare yara daga shanyewar jiki. Iyaye su nemi shawarar likita a kanta, a Yamai kuma akwai cibiyar ƙasa ta musamman mai kula da wannan cuta.

Burin masu bincike shi ne ƙwayar da za a haɗiya ta buɗe kabad ɗin kai tsaye, ba tare da dashe ba. A nan ne sanin siffa ya zama tilas, domin maƙeri ba ya ƙera mabuɗin kwaɗon da bai taɓa gani ba. A 2024 ɗakin Orkin ya nuna cewa BCL11A ba ya aiki sai huɗu sun haɗu sun zama dunƙule guda, abin da ya nuna wurin da magani zai iya sara. A wannan shekara masu binciken kamfanin Novartis suka wallafa wani sinadari da ya ɗaga emogulobin na tayi a jikin ɓeraye da birai. Tsakanin biri da yaron da ke kwance a Maraɗi akwai sauran tafiya, amma an san inda aka dosa.

Zazzaɓin cizon sauro ma da wannan dabara yake wasa da mu. Ƙwayar cutar tana da jen kimanin 60 na rigar da take sa wa jajayen ƙwayoyin jinin da ta shiga. Tana buɗe ɗaya ta kulle sauran cikin matsattsen kuromatin, in garkuwar jiki ta gane rigar sai ta sake wata. Wannan na cikin dalilan da suka sa yaro ke kamuwa sau da yawa kafin jikinsa ya saba.

Har yanzu Afirka ba ta da babbar na'urar hasken X irin ta Girenobil a Faransa, mai kewayen mita 844, ko da yake masana sun fara taron neman kafa ta tun 2015. Amma wani sashe na aikin ya sauko inda hannu zai kai. Duk siffar da aka gano ana ajiye ta kyauta a rumbun PDB na intanet, inda hoton Luger ke ƙarƙashin lamba 1AOI. Manhajar AlphaFold, wadda masu ita suka sami Nobel a 2024, ta baza hasashen siffar furotin sama da miliyan 200, su ma kyauta. Ɗalibi a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, in yana da kwamfuta da layi mai kyau, zai iya juya nukiliyozom a gabansa kamar yadda ɗalibin Zurik ke yi.

Saura abu biyu. Ga iyaye: idan ɗanku ko ɗiyarku ta gama doktora ta ce akwai sauran shekaru na zaman bincike kafin ta sami kujera, ba lalaci ba ne, haka hanyar take. Ga hukuma da masu hannu da shuni: wanda ya koyi wannan aiki ba zai dawo gida ba in babu wutar da ba ta yankewa, da firjin da ke riƙe sanyi, da albashin da ke zuwa kan lokaci. Tsakanin lurar Janet Watson da amincewa da magani shekara 75 ce, kuma a kowane zango akwai wani matashi da aka biya shi don ya zauna a kan tambaya guda har ta amsu. Ciwon a gidajenmu ya fi yawa, ya kamata a ce cikin masu zaman nan akwai namu.